Na Sayar da Bijimi, Na Saya wa Jikata Fitilu

Zuwa ga Hajiya Mero,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki jinkirta, domin saura mako biyar jikata ta tafi jami'a, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Da hannuna nake rubuta wannan wasiƙa. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, sai da na haura shekara sittin na fara riƙe biro. Na canza sunaye, ko da yake na san mutanen Zango za su gane ni tun kafin su kai tsakiya.

Ni dillalin shanu ne a Mayanka. Mahaifina da ƙafa ya koro shanu daga Dogon Dutsi har Kumasi, a nan ya zauna, a nan aka haife ni. Shekarata arba'in da shida a kara. In na zagaya saniya sau ɗaya, na buɗe bakinta, na taɓa ƙugunta, zan faɗa miki naman da ke jikinta, kuma mahauci ba zai ƙaryata ni ba. Ba yabon kai nake yi ba. So nake ki san irin mutumin da ya tafka wannan wauta.

Jikata, mu kira ta Kausara, 'yar 'yata Safiya ce. Tun tana shekara huɗu mahaifinta ya rasu, suka dawo gidana. Lokacin da na shiga makarantar manya, wadda Malam Wahabu yake koyarwa tsakanin magariba da isha'i, ita ce mai duba mini aikin gida. Tana aji biyar a firamare ta samo jan biro ta riƙa ba ni maki. In na rubuta harafi a juye sai ta ce ɗalibinta ya fi kowa gemu kuma ya fi kowa taurin kai. Ni kuma in ce amaryata ko shayi ba ta iya dafawa ba, zan kai ƙararta wajen sarkin Zango. Haka muke shekara da shekaru. Ba a taɓa yin wuni guda ba ta tsokane ni ba.

Bana sakamakon jarrabawarta ta gama sakandare ya fito, ta ci da kyau ƙwarai, aka ba ta gurbin karatun kwamfuta a jami'a a Akara. Ita ce ta farko a zuri'armu. Da kaina na karanta takardar, sau uku, da ƙarfi, a tsakar gida. Washegari na raba goro a kara har da mutanen da ba ma ga maciji da juna. Hajiya, ko yanzu da nake cikin wannan baƙin ciki, in na tuna takardar nan sai in ji ƙirjina ya buɗe. Na ce mata ta faɗi abin da take so, ko mene ne, muddin bai wuce kuɗin bijimi ɗaya ba.

Ta ce kwamfutar gem take so, wato ta wasannin bidiyo. Dama takan je wani gidan gem a unguwar Krofrom, inda ake biya a zauna awa ɗaya ko biyu, kuma ban taɓa jin daɗin hakan ba, don maza ne suka cika wurin. Ta ce ba wasa kaɗai ba, so take ta koyi ƙera irin waɗannan wasanni da kanta. Na yarda nan take. A masallaci Alfa Kimba, wanda muka taso tare, ya ce lallai tsufa ya kama ni, tunda zan canza bijimi da abin wasan yara. Na ce masa bijimina ne, jikata ce, shi ya ji da awakinsa. Aka yi dariya. Na sayar da farin bijimina, wanda na yi wata takwas ina kiwo.

Ashe irin wannan kwamfuta ba a ɗauko ta a haɗe, gunduwa-gunduwa ake saye a harhaɗa. Kausara ta yi mako guda tana bincike, ta rubuta mini takarda da manyan baƙaƙe don in iya karantawa: kaya takwas, kowanne da sunansa da farashinsa. Duka bai wuce kuɗin bijimin ba, har ta bar mini na tirotiro, motar hayarmu. Ta ce za ta raka ni. Na hana. A sana'armu ba a zuwa ciniki da mai son kaya. Da zarar mai saniya ya ga idon mai saye ya yi haske, farashi ya tashi ke nan. Na ce ta zauna a gida ta bar manya su yi aikinsu. Ta ce to, amma ɗalibi ya kula kada ya karanta takarda a juye. Wannan ita ce tsokana ta ƙarshe da ta yi mini.

Na je wani shago a unguwar Adum, ba zan faɗi sunansa ba. Na miƙa takarda, mai shagon ya jero kayan a kan tebur. Abin da na gani bai yi mini ba. Akwatin da ta zaɓa ɗan ƙarami ne baƙi, kamar na mitar lantarki. Sikirin ɗin bai kai faranti biyu ba. Sannan abin da ya fi komai tsada, wanda ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, wai shi katin hoto, na hannu ne. Ita da kanta ta rubuta a gefe cewa a sayi na hannu. Na ɗauka na juya, na ga ƙura a cikin fankarsa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, yarinyar nan tausayina take ji, tana tsoron kada ta cinye mini kuɗi, shi ya sa ta zaɓi kwance. Yaya zan tara Zango in miƙa wa 'yar jami'a ta farko a gidana abin da wani ya gama ci ya yar?

Sai na yi abin da na iya. In za ka sayi dabba, kai kake dubawa da ƙira. Na tambayi mai shago wanne ne kan, ya nuna mini wani ɗan abu kamar kwalin ashana, farosesa, ya ce shi ne ƙwaƙwalwa. Na ce ya kawo wanda ya fi na takarda ƙarfi, sabo a kwali. Ya ce to sai an canza farantin da ake dasa shi a kai, don na takarda ba zai ɗauke shi ba. Na ce a canza. Na ga wani ƙaton akwati mai bangon gilashi da fanka shida masu fitilu, na ce shi. Na ga sikirin kamar talabijin ɗin gidan biki, na ce shi. Da aka tara, kuɗi ya wuce na bijimin, katin hoto bai ma shiga ba. Na tambaya ko kwamfuta za ta tashi ba tare da shi ba, ya ce za ta tashi, hoto zai fito. Na ce to a bar tsohon abin nan. Abin raba wuta kuma, fawa saflai, na ce ya sa mai arha, tunda a ɓoye yake ba mai ganinsa. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama, muka tafa. Na sauke shi sosai, har maƙwabcinsa ya tambaya ko ni wane ne.

Ranar walima na sa aka rufe kwamfutar da zane a falo. Da aka yaye aka kunna, fitilu suka kama, shuɗi da ja da kore suna zagayawa. Mata suka yi guɗa. Alfa Kimba da kansa ya ce ya janye maganarsa. Kausara ta zo ta tsuguna, ta leƙa ta gilashin, ta daɗe tana kallon wani wuri da babu komai. Sannan ta juyo ta durƙusa a gabana ta ce Allah ya saka da alheri, Alhaji. Alhaji, Hajiya. Tunda ta iya magana ba ta taɓa kirana Alhaji ba.

Mako uku ke nan. Kullum in na dawo daga kara zan tarar da fitilun suna ci, ita tana zaune a gaba tana rubutu. Ta gaishe ni da ladabi, ta kawo ruwa da hannu biyu. Na yi tsammanin girma ne ya zo mata. Ranar Talata na bi ta Krofrom zan ga wani mahauci, tirotiro ta tsaya a cunkoso daidai ƙofar gidan gem ɗin nan, sai na hango ta a ciki, tana dariya tana buga tebur tana yi wa wata ƙawarta tsiya, irin yadda take yi mini da. Ban sauka ba.

Da na dawo na tambayi Safiya. Kamar jira take. Ta ce kwamfutar ba ta iya ɗaukar wasan da yarinyar take yi, hoton tsayawa yake yi yana rawa kamar tsohuwar mota a kan tudu. Ta ce Kausara tana kunna fitilun ne in ta ji tafiyata, don kada in ji kunya, kuma ta roƙe ta kada ta faɗa mini. Ta ce an ba ni takarda da baƙaƙe kamar ƙofar gida, amma da yake na yi makarantar yamma ta shekara uku na ga na fi mai shirin shiga jami'a sani. Ta ce ba don Kausara na sayi kwamfutar ba, don Alfa Kimba na saya. 'Yar da na haifa, a tsakar gidana, masu haya suna ji.

Tun ranar abinci ba ya shiga. Ina jin haushin Safiya, da ta taɓa mini makarantata, abin da na fi alfahari da shi. Ina jin haushin Kausara ma, Allah ya sani, don ta mayar da ni yaron da ake lallashi. Da ta yi mini ihu a ranar, da ta ce ɗalibi ya faɗi jarrabawa, da ya fi mini sauƙi. Na so in ɗora wa mai shago laifi, har na rubuta haka na goge, don ba gaskiya ba ne. Sau biyu ya ce mini, Alhaji, wanda ya rubuta takardar nan ya san abin da yake yi, a bi ta. Na ce masa ina ciniki tun ba a haifi ubansa ba.

Yanzu abin da ya rage mini rago ɗaya ne, wanda na ajiye don sadakar tafiyarta. Wasu sun ce in mayar da kayan. Amma ni ban taɓa tafawa da mutum na dawo na ce na fasa ba, ko da saniyar ta mutu a hanya. In na yi haka a Adum, da wane ido zan shiga Mayanka? In kuma na yi shiru, za ta tafi Akara tana kirana Alhaji. Me zan saya, me zan bari? Kuma in faɗa mata na sani, ko in bar ta da rufin asirin da take yi mini?

Naki,
Tsohon Ɗalibi, Zangon Kumasi

*

Baba Tsohon Ɗalibi,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka a karatun Kausara. Layinka bai karkace ba, na karanta wasiƙarka tsaf ba tare da na tsaya ba.

Ni ba gwanar kwamfuta ba ce, don haka na kai maganarka wajen Kamaldeen, wani mai harhaɗa su a Bantama, na ɓoye masa ko kai wane ne. Ga abin da na fahimta. A kwamfutar ofis, ƙwaƙwalwa ce gaba. A ta gem, katin hoto ne yake jan kaya. Shi yake zana duk abin da ido yake gani, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake fara ware masa kaso mafi tsoka, sannan ya nemi farosesa matsakaiciya da za ta iya tafiya da shi, da wadataccen ram, wato wurin riƙe aikin da ake kan yi, da ma'ajiya mai sauri, da fawa saflai na kirki. Akwati shi ne na ƙarshe, iska kawai ake nema ta ratsa shi. Takardar jikarka haka ta jera su. Ba tausayinka ne ya sa ta zaɓi ɗan baƙin akwati ba, lissafi ne. Kai ka sayo amalanke mai fenti da direba mai digiri, ka baro san da zai ja a kasuwa.

Game da ƙyamar na hannu, ina da tambaya ɗaya, Baba. A shekara arba'in da shida, saniya nawa ka saya sabuwa a kwali? Kowacce daga hannun wani ta fito. Ba ka ƙi ta don haka, bakinta kake buɗewa. Katin hoto ma haka ne. A dasa shi a gabanku, a kunna wasa mai nauyi na kamar rabin awa, a ga ko zai yi zafi fiye da kima, ko fankarsa tana ƙara, ko hoto yana yayyagewa. A nemi mai shago ya rubuta cewa in ya ba da matsala cikin wata guda zai karɓa. Ƙura kuwa hurawa ake yi.

Ba duka ka yi asara ba. Kamaldeen ya ce farosesar da farantinta a bar su, sun fi ƙarfin buƙatar yau, amma za su yi mata aiki har ta gama jami'a. Akwatin ma a bar shi, ba ya cutar da kowa. Abu biyu za a taɓa. Na farko ƙaton sikirin ɗin: irinsa yana ƙara wa kati nauyi, kuma ba zai sami wuri a ɗakin ɗalibai ba. A musanya shi da irin wanda ta rubuta. Na biyu fawa saflai mai arhar nan, wanda ya fi komai tayar wa Kamaldeen da hankali. Da an dasa kati zai nemi wuta da yawa, ga yadda lantarkinmu yake ɗaukewa ya dawo da ƙarfi. Mai arha in ya ƙone ba ya tafiya shi kaɗai. A cire shi kafin a dasa komai. A ganinsa, abin da zai dawo daga sikirin, in aka haɗa da kuɗin rago, zai iya kawo katin da ta zaɓa ko na kusa da shi, da fawa saflai mai suna. In bai kai ba, a rage ƙarfin kati, kada a rage na wuta. Sadakar tafiya kuwa, ko da waina da kunu aka yi ta, addu'a ba ta raguwa.

Maganar tafawa: ba wanda ya ce ka fasa ciniki. Wancan ya ƙare, ka riƙe amanarsa. Sabo za ka buɗe, na musaya, irin wanda kake yi kowane mako in mutum ya kawo karsana yana son ɗan maraƙi da ciko. Za ka ɗan yi asara a kan sikirin, tunda an buɗe shi. Ka karɓa. Kuma mai shagon da ya gargaɗe ka sau biyu, alhali shirunsa ya fi masa riba, mutumin kirki ne. Wajensa za ka koma, ka fara da ce masa ya yi gaskiya.

Safiya ta yi kuskure da ta taɓa makarantarka, kuma a gaban masu haya. Wannan ka gaya mata a keɓe, ta ba ka haƙuri. Karatunka bai yaudare ka ba, ka karanta takardar daidai, bin ta ne ka ƙi. Amma maganar Alfa Kimba da ta yi, ka yi tunani a kanta kaɗan kafin ka jefar. Duk abin da ka canza a takardar, wanda jama'a za su gani ne ka ƙara wa girma, wanda ba a gani ka rage. Safiya ta yi mako uku tana kallon 'yarta tana kunna fitila don ta faranta maka, dole bakinta ya yi zafi.

Kausara kuwa ba yaro ta mayar da kai ba. Ta ga kakanta ya sayar da bijimin da ya yi wata takwas yana kiwo, ya tara jama'a, fuskarsa tana haske. Me kake so 'yar shekara goma sha takwas ta ce a wannan wuri? Ta rasa yadda za ta tsokane ka ba tare da gaskiya ta fito ba, shi ya sa ta koma Alhaji. Ba za ta iya fita daga wannan ladabi da kanta ba. Kai za ka buɗe mata ƙofa.

Don haka kada ka je Adum a ɓoye ka sake yi mata bazata. Bazata ɗaya ta isa. Ka nemo jan biro, ka haɗa da takardarta in tana nan, ka kai mata, ka ce ɗalibi ya kawo aikinsa a ba shi maki. Ka bar ta ta ba ka sifiri, ka bar ta ta yi dariya har ta gaji. Sannan ku shiga tirotiro tare. Dokarka ta hana zuwa da mai son kaya tana da kyau, amma Kausara ba mai son kaya kaɗai ba ce, ita ce mai buɗe baki ta duba haƙori. Ita ta zaɓa, ita ta gwada, kai kada ka ce uffan sai an zo farashi. A nan kuma ita ta yi shiru ta ga yadda ake yi, don wannan darasi ne da ba za a koya mata a Akara ba.

Ka yi shi cikin makon nan, don ta sami wata guda tana wasa a falonka kana jin ihunta. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo maka da ita da digiri, ya kuma ba ka tsawon ran da za ka karanta takardar da kanka, da ƙarfi, a tsakar gida.

Taka,
Hajiya Mero